Iskar da muke shaƙa daga ruwa take fitowa

Ya Edita,

Assalamu alaikum. Ina roƙon a ba ni fili a wannan jarida mai farin jini domin in yi tsokaci a kan wani kuskure da ya samu gindin zama a azuzuwan kimiyya na makarantunmu. Sau da yawa ana koya wa yara cewa tsiro yana zuƙar iskar kabon dayoksaid ne ya mayar da ita oksijin, alhali kuwa oksijin ɗin da ganye ke fitarwa daga ruwa yake, ruwan nan da saiwa ta tsotso daga ƙasa.

Idan hasken rana ya sauka a kan koren sinadarin ganye, wato kulorofil, da ƙarfin hasken ne ake tsaga ruwa a wani ɗan gurbi mai ƙwayoyin sinadarin manganis 4 da ta sinadarin kalsiyam 1. Kowaɗanne ƙwayoyin ruwa 2 suna ba da ƙwayar oksijin 1, da haidurojin 4, da elektiron 4, wato ƙananan ƙwayoyi masu ɗauke da lantarki. Haidurojin da elektiron ɗin su ne tsiro yake nema, domin da su yake sarrafa kabon dayoksaid ya zama sukari. Oksijin kuwa saura ce da ganye ke saki, kuma da wannan saurar mu da dabbobinmu muke numfashi.

Masana sun daɗe kafin su gano haka. A 1931 Cornelis van Niel ya nuna cewa wasu ƙwayoyin bakteriya masu haɗa abinci da hasken rana da ke aiki da iska mai warin ruɓaɓɓen ƙwai a madadin ruwa farar wuta suke bari, ba oksijin ba, sai ya ce lalle oksijin ɗin tsirrai daga ruwa yake. A 1941 Samuel Ruben da Martin Kamen suka tabbatar da hasashen a Jami'ar Kalifoniya ta Amurka, inda suka ba gansakuka ruwa mai ɗauke da wani nau'in oksijin mai nauyi da ake iya bambanta shi da na yau da kullum, sai ga shi ya bayyana a cikin iskar da ta fito.

Abin da ya fi shafar manomi shi ne, ruwan da ake tsagawa kaɗan ne ƙwarai, domin fiye da kashi 90 cikin 100 na abin da saiwa ta ɗauka tururi yake zama ya fice ta ƙananan kafofin ganye. Idan fari ya shigo, tsiro yakan rufe kafofin nan don ya tsimi ruwa, sai kabon dayoksaid ta rasa mashiga, haɗa abinci ya tsaya ko da rana tana ƙwallewa. Gero da dawa suna iya tara wannan iska a cikin ganyensu ba tare da sun buɗe kafofin sosai ba, shi ya sa suka fi shinkafa da alkama jure ƙishirwa.

Ina kira ga malamai da marubuta littattafan sakandare da su gyara wannan bayani, su kuma haɗa shi da abin da yaro yake gani a gonar mahaifinsa.

Wassalam,
Wani malamin kimiyya, Zariya