Wasiƙa Zuwa Ga Masu Neman Ɓallin Jirgin F-14

Assalamu alaikum, abokan cinikinmu masu daraja.

Tun da muka soma zuba ɓallin tsofaffin jiragen yaƙi cikin rezin, wato ruwan roba mai daskarewa, don masu sassaƙa alƙalami, babu wanda kuke nema kamar na F-14 Tomcat. To, wanda ke hannunmu ya ƙare, kuma ba ma sa ran samun wani nan kusa.

Kamfanin Grumman ya ƙera jirgin guda 712, rundunar sojan ruwan Amurka ta yi aiki da shi har 2006. Sai dai tun zamanin Shah, sarkin Iran na da, Iran ta karɓi guda 79, ta ci gaba da tashinsu bayan juyin juya halin 1979. Don kada kayan gyara su sulale zuwa can, a 2007 ma'aikatar tsaron Amurka ta tsayar da sayar da sassansa, aka kuma riƙa niƙe waɗanda ke jibge a sansanin Davis-Monthan da ke Arizona. Yawancin waɗanda suka tsira suna gidajen tarihi, ba a taɓa su. Saboda haka duk wanda ya zo mana da buhun ƙarfe ya ce na Tomcat ne, ba lambar jirgi, ba takardar inda ya fito, sai mu yi masa godiya ya koma da kayansa. Alminiyam ai duk kamarsa ɗaya; takarda ce ke raba na jirgi da na tukunya.

Abin da muke da shi yanzu na F-4 Phantom ne. An ƙera guda 5,195, ya yi yaƙin Biyetnam, don haka samun na gaskiya bai kai wancan wuya ba. A ganinmu ma ya fi kyau a alƙalami, musamman inda koren fentinsa na ɓad-da-kama bai gama goguwa ba.

Ku lura wajen sassaƙa. Ɓallin yana manne da bututun tagulla, rezin ya rufe shi. Ku wasa kurfinku sosai, ku riƙa ɗauka kaɗan-kaɗan, kada zafi ya tsage rezin ɗin. In kuka zurfafa har kuka taɓo ƙarfen, aikin ya ɓaci, ba gyara.

Waɗanda suka riga suka biya kuɗin Tomcat, ku zaɓa: mu mayar muku da kuɗinku cif, ko mu aiko da Phantom tare da takardar shaidarsa.

Mun gode. Allah ya sa albarka a sana'a.