Wasiƙar Babbar Sallah daga Landan: Na Ga Masu Gadin Fadar Sarkin Ingila

Landan,
11 ga Zulhajji.

Zuwa ga Baba da Umma, da Yaya da iyalinsa, da sauran mutanen gidanmu na Yakasai.

Assalamu alaikum wa rahmatullahi wa barakatuhu. Bayan gaisuwa mai yawa tare da ladabi da biyayya, ina yi muku barka da Sallah, da fatan kun sauko daga Idi lafiya, an kuma yi layya lafiya. Allah ya karɓi ibadunmu, ya dawo da alhazanmu gida cikin aminci, ya maimaita mana ta baɗi da rai da lafiya.

Ni ma na samu jam'in farko a babban masallacin da ke gefen lambun Regent's Park. Da aka sallame aka gama gaisawa, sai kowa ya kama gabansa, wasu ma kai tsaye wurin aiki suka nufa, domin ranar Sallah ba ranar hutu ba ce a ƙasar nan. A daidai wannan lokaci ne kewar gida ta fi damuna, saboda na san cewa a Kano yanzu ne jama'a ke baro filin Idi na Ƙofar Mata suna jeruwa a bakin hanya don ganin wucewar Sarki. Shi ya sa ban koma ɗaki ba, na shiga jirgin ƙarƙashin ƙasa na sauka a Green Park, na taka zuwa fadar Bakingham, da niyyar in ga yadda su ma suke tsaron ƙofar sarkinsu. Abin da na gani ne nake so in ba ku labari, musamman Baba, wanda ya saba ɗora ni a wuya a Ƙofar Kudu tun ban san sunan ko hakimi ɗaya ba.

Ginin fadar dogo ne, na farin dutse, an kewaye shi da shingen ƙarfe baƙi mai ado da ruwan zinariya. Asalinsa gidan wani basarake ne da aka gina a 1703, Sarki George na Uku ya saye shi a 1761, amma sai a 1837 Sarauniya Victoria ta tare a cikinsa, ya zama mazaunin sarauta. Ɗakunansa 775 ne. Wani dattijo da ke tsaye kusa da ni ya nuna mini tutar da ke saman ginin, ya ce da ita ake gane ko Sarki Charles na ciki ko ba ya nan: idan yana ciki tutarsa ta sarauta ake ɗagawa, kuma sojoji huɗu ke gadi a farfajiya, idan kuwa ba ya nan sai a ɗaga tutar ƙasa, masu gadi su zama biyu. Jiya tutar ƙasa ce ke sama, masu gadin kuma biyu ne.

Waɗannan biyun na daɗe ina kallo kafin a fara bikin canjin gadi. Kowannensu na tsaye a gaban 'yar rumfarsa, da jar riga mai maɓallai masu ƙyalli, da baƙin wando, da farar ɗamara, da bindiga mai wuƙa a baki. A kansa akwai wata doguwar hula ta baƙin gashi wadda tsawonta ya kai santimita 45, kusan kamu guda ke nan, ta sauko har ta kusa rufe masa ido. Da fatar beyar ta ƙasar Kanada ake yin ta. Sojan ba ya magana, ba ya waige, ko mutum dubu na ɗaukarsa hoto ko gezau ba zai yi ba. Can bayan wani lokaci sai ya buga ƙafa, ya saɓa bindiga, ya yi 'yan taku gefe ya dawo mazauninsa, don jini ya zaga. Awa biyu yake yi a haka kafin a karɓe shi. A lokacin zafi akan samu wanda ya yanke jiki ya faɗi a filin fareti saboda nauyin kaya da tsayuwa, amma na kusa da shi ba zai fasa sahu ba, akwai waɗanda aikinsu ne su zo su ɗauke shi. Kuma Baba, waɗannan ba 'yan ado ba ne kawai. Cikakkun sojoji ne, rundunoninsu sun je yaƙi a Iraƙi da Afganistan, in sun dawo su tuɓe kakin daji su sa jar riga.

Wajen ƙarfe goma sha ɗaya saura kwata wurin ya cika maƙil, ba masaka tsinke, mutane daga kowace nahiya, 'yan sanda a kan dawakai suna ta gyara hanya. Da farko wani rukuni ya taso daga tsohuwar fadar St James ya biyo babban titin da ya miƙe har ƙofar fada, ya haɗu da 'yan uwansa masu sauka daga aiki. Sai kuma muka jiyo badujala daga barikin Wellington, masu karɓar aiki suka fito, makaɗa da mabusa a gaba. Idan suka sauke ƙafa, sai ka ce taɓarya guda ce ke sauka a turmi. Suka shiga farfajiya ƙarfe goma sha ɗaya daidai, suka fuskanci tsofaffin masu gadi, ɓangarorin biyu suka yi wa juna gaisuwar bindiga, sannan hafsoshinsu suka matso tsakiya suka haɗa hannu, alamar an miƙa mabuɗan fada da amanar tsaronta. Daga nan aka riƙa zagawa ana sauke masu gadi ɗaya bayan ɗaya ana dasa sababbi, ana karanta wa kowa ƙa'idar aikinsa, badujala kuma na ta tashi. Duka-duka abin bai wuce minti 45 ba. Ana cikin haka barade suka wuce a kan manyan baƙaƙen dawakai, da kwalkwali mai tuntu da sulken ƙarfe a ƙirji da takubba a zare. Su ma kashi biyu ne, masu jar riga da farin tuntu, da masu shuɗiyar riga da jan tuntu. Dawakan sun sha horo ƙwarai, duk hayaniyar nan babu wanda ya zabura.

Abin da ya fi ɗaukar hankalina shi ne maɓallan riga. Ni da farko duk ɗaya nake ganinsu, sai dattijon nan ya ce in ƙidaya. Rundunonin ƙasa masu gadin sarki biyar ne, kuma jerin maɓallai ne ke bambanta su. Na Grenadier ɗai-ɗai suke, da farin tuntu a hagun hula. Na Coldstream, rundunar da aka kafa tun 1650, bibbiyu ne, da jan tuntu a dama. Na mutanen Sikotlan uku-uku, su ba su da tuntu. Na Ailan hurhuɗu da shuɗin tuntu, na Wales kuma biyar-biyar, su ne auta, a 1915 aka kafa su. Ita kanta doguwar hular tana da tarihi, domin bayan yaƙin Waterloo na 1815, inda aka karya Napoleon na Faransa, aka ba rundunar Grenadier damar sa ta, irin wadda dakarunsa ke sawa. A gabana na ji wata mata tana koya wa ɗanta, wanda bai fi shekara bakwai ba, yadda zai ƙidaya maɓallan, yaron ya ƙidaya ya faɗi sunan rundunar daidai. Duk an rubuta waɗannan abubuwa a ƙananan littattafai, ana sayarwa a shagon da ke gefen fada, kuma ranaku da lokutan canjin gadi suna nan a intanet, kowa zai iya dubawa.

A nan ne tunanina ya koma gida gaba ɗaya. Gidan Rumfa ya girmi wannan fada da fiye da shekara 200, tun da Sarki Muhammadu Rumfa ya yi mulki daga 1463 zuwa 1499, kuma har yau a cikinsa ake zaman fada. Kakaki da figini da takalman gashin jimina da muke gani a hawa, duk tun zamaninsa ake danganta su. Amma ni da aka haifa ana jin tambari daga tsakar gidanmu, ban iya jera hakimai yadda suke shigowa jafi a Hawan Daushe ba, na kuma tabbata yawancin sa'o'ina haka suke. Muna ganin 'yan lifida da 'yan sulke da 'yan bindiga da dawakin zage, muna jin daɗin kyansu, amma kaɗan ne daga cikinmu za su iya faɗin wanda ke jagorantar kowane rukuni, ko aikin Shamaki da Ɗan Rimi da Sallama da Kilishi, ko dalilin da ya sa ake riƙe tagwayen masu. Ilimin yana nan, sai dai a bakin dattawa yake, irin su Baba, kuma duk dattijon da ya rasu da nasa kason yake tafiya. Wannan abu ya tsaya mini a rai tun jiya. A watan Disambar 2024 hukumar UNESCO ta sanya hawan Sallar Kano cikin jerin al'adun gado na duniya, na kuma yi murna da hakan, amma takardar da ke Faransa ba ita za ta koya wa 'ya'yan Yaya sunan ko da linzami ba.

Duk da yabon da na yi musu, ba zan ce nasu ya fi namu ba, domin manufar biyun ta sha bamban. Sojan nan aikinsa shiru ne, tsakaninsa da jama'a akwai shingen ƙarfe, kuma tun 1959 aka mayar da masu gadin cikin farfajiya saboda 'yan kallo na takura musu. Dogari kuwa a cikin mutane yake, da babbar rigarsa ja da kore da jan rawani, kuma murya ce rabin aikinsa. Shi ne zai ce hattara, shi ne zai ce lafiya Zaki, idan talaka ya faɗi gaisuwa shi ne zai amsa masa da cewa Sarki ya gaishe ka, mutum ya tashi yana jin an san da zuwansa. Idan Sarki zai hau ko zai sauka ko zai gyara rawani, sai dogarai su baza riguna su kāre shi daga idon jama'a. Kafin a kafa 'yan doka na En'e, su ne ke kamo mai laifi, su ne ke kai saƙon fada ƙauyuka, kuma da yawansu gadon aikin suka yi daga iyaye da kakanni. Ba su da bindiga irin ta waɗannan, amma duk Kano ba ta manta da watan Janairun 2013 ba, lokacin da aka buɗe wa motar marigayi Sarki Ado Bayero wuta, dogarai suka tare da jikinsu, wasu suka rasa rayukansu a wurin. Allah ya jiƙansu da rahama, ya jiƙan Sarki. Da na ga jajayen rigunan nan jiya, su na fara tunawa.

Akwai kuma wani tunani da ya zo mini ina riƙe da shingen. Da sunan mai wannan fada, Sarki Edward na Bakwai, sojojin Turawa suka fasa ganuwar Kano a watan Fabrairun 1903, lokacin Sarki Alu yana Sakkwato. Shekara 53 bayan haka, a 1956, jikanyar ɗansa, Sarauniya Elizabeth, ta zo Kano a zamanin Sarki Muhammadu Sanusi na Ɗaya, zuwan da marigayi Kaka yake yawan ba mu labarinsa. Yau kuma ga jikan Kaka tsaye a ƙofarsu yana kallon masu gadinsu, yana neman abincinsa a garinsu. Ban ji ƙiyayya ba, amma na ji nauyin abin, na kuma gode wa Allah da ya sa duk abin da ya faru bai tafi da fadarmu da hawanmu ba.

Saboda haka ina da roƙo. Idan Allah ya sa an yi Hawan Daushe yau da yamma, ina roƙon Yaya ya kai yaran Ƙofar Kudu da wuri, tun kafin Sarki ya dawo daga gaida mahaifiya a Babban Ɗaki, su samu wurin da za su ga shigowar hakimai sosai. Idan Baba zai iya zuwa, a ɗaukar masa kujera. Idan kuma cunkoson zai yi masa yawa, Yaya ya ɗauki hawan a waya tun daga farko har ƙarshe, in an dawo gida a zauna a soro a kunna masa, yana kallo yana faɗin sunan kowane hakimi da gidansa da kirarinsa da kayan dokinsa, Auta kuma tana rubutawa a littafi, a kuma naɗi muryarsa. A yi haka a Hawan Nassarawa ma. Baba, na san wannan zai gajiyar da ku, amma ina roƙon ku daure, ku fara da dogarai da bayin Sarki, domin su ne aka fi gani kuma su ne aka fi rashin sani. Kuɗin littafi da na kati da na abin hawa duk na haɗa cikin abin da na turo wa Yaya shekaranjiya, goron Sallar yara ma yana ciki. Ni kuma na sayi ɗan littafin nan mai hotunan rundunoni biyar, zan ba wani ɗan unguwarmu da zai taho gida a wata mai kamawa ya kawo wa yaran.

Umma, a taimaka a ajiye mini soyayyen nama da dambu, mai kawo littafin zai taho mini da su idan dokar shigowa da abinci ta bari, in kuwa ba ta bari ba a raba wa yara a madadina. A gaishe mini da Gwaggo da Kawu da iyalansu, da Liman da maƙwabta baki ɗaya. Ina neman albarkarku da addu'arku a kan aikina da zamana a nan. Allah ya ƙara muku lafiya da nisan kwana.

Wassalam,
Ɗanku mai biyayya.