Ɗanyen haɗin kiranberi ba ya son wuta, ba ya son gaggawa

Malam Edita, assalamu alaikum.

Ina neman ɗan fili saboda 'yan uwanmu mazauna Amurka, waɗanda maƙwabta kan gayyata cin abincin bikin godiya ranar Alhamis ta huɗu a watan Nuwamba, a ce kowa ya zo da kwanonsa. Abu mafi sauƙi da mutum zai kai shi ne ɗanyen haɗin kiranberi da ake ci da gasasshen talo-talo, amma da yawa suna rikita shi da dafaffen. Wancan a wuta yake kauri. Wannan kuwa ko kusa da murhu ba ya zuwa.

Kiranberi ƙananan jajayen 'ya'ya ne masu tsami kamar zoɓo. Jihar Wisconsin ce ke noma fiye da rabin na ƙasar, ana girbinsu daga Satumba zuwa Nuwamba. Leda ɗaya giram 340 ce, kuma ita ce ma'auni: leda ɗaya, lemon zaƙi ɗaya, sukari giram 150 zuwa 200.

A wanke 'ya'yan, a tsince masu laushi da waɗanda suka yamutse. Mai kyau tauri gare shi, in ya faɗi a tebur sai ya yi tsalle, don akwai iska a cikinsa. Lemon a wanke shi sosai, domin har da ɓawonsa za a niƙa. A yanka shi gida takwas, a cire ƙwallayen tas. In farin cikin ɓawon ya yi kauri a rage shi, shi ne ke kawo ɗacin da sukari ba ya iya rufewa.

Wurin niƙa ake yawan yin ɓarna. Ɓarzawa ake yi, ba markaɗe ba. A fara da lemon tunda ɓawonsa ya fi tauri, sannan a zuba kiranberin rabi-rabi, ana kunna injin ana kashewa, har ya zama kamar ɓarzajjen masara. Wanda ya bar injin yana ta gudu, kunu zai samu. In daskararrun 'ya'ya aka saya, a ɓarza su tun ba su narke ba. Busassun na leda kuwa ba sa yi, an riga an jiƙa su da sukari.

Sai a juye a kwanon gilashi ko tangaran, ban da na dalma, don tsamin yakan ci shi ya ɓata ɗanɗano. A gauraya sukari giram 150, a rufe, ya kwana a firji. A daren nan sukarin ke narkewa, ya janyo ruwan 'ya'yan, ƙamshin ɓawon ya ratsa ko'ina. In aka ci nan take, za a ji sukari yana ƙaras-ƙaras a haƙori. Da safe a ɗanɗana kafin a ƙara sauran; a ganina ƙarawar ma ba dole ba ce, tunda tsamin ne ke yanke maiƙon nama. Mai son tuffa ya ɓarza guda ɗaya tare. Haɗin yakan yi mako guda a firji.

Wassalam.

Mai karanta jaridarku,
daga Wisconsin, Amurka