Buɗaɗɗiyar wasiƙa zuwa ga Gwamnan jihar Washinton, Bob Ferguson: kwanakin hutuna ne, kuma ɗiyata ce ba lafiya

Mai girma Gwamna, barka da aiki, ya fama da jama'a. Ka yi haƙuri ba zan ja gaisuwa ba, abun da ke cin raina ya daɗe.

Ni ma'aikaciyar cikin jirgin sama ce, mu ɗin nan da ke tarbar fasinja a ƙofa, tashar aikina filin jirgin Siyatul, ina cikin ƙungiyar ƙwadago kuma duk wata ana cirar kuɗin ƙungiya daga albashina. Da Hausa na rubuto domin da ita nake tunani in raina ya ɓaci, na kuma san ba za a rasa mai fassara maka ba.

A watan Maris da ya wuce, wajen ƙarfe 3 na dare, ƙaramar ɗiyata ta farka jikinta rau da zazzaɓi, tana wani irin tari kamar ƙirjin zai tsage, ga jakata na riga na shirya ta tana bakin ƙofa, yunifom a goge a rataye, ƙarfe 5 da rabi ake so in kasance a filin jirgi, tafiyar kwana 3 ce. Maigidan yana aikin dare sai 8 zai shigo. Awannin rashin lafiyar da na tara kuwa tun Janairu suka ƙare, mura ce ta toshe min kunne, kuma duk wanda ya san aikin nan ya san ba a hawa jirgi da toshasshen kunne, wajen sauka dodon kunne zai iya fashewa. Na buɗe manhajar kamfani a waya, ga su nan ina kallonsu da idona, kwana 14 na hutun shekara waɗanda na riga na yi wa aiki tun bara, an ajiye min su a Nuwamba. Na kira ofis na ce don girman Allah a ciro min 3 daga ciki. Wadda ta ɗauka ba ta yi min rashin mutunci ba, har ta yi wa yarinyar fatan samun sauƙi, amma ta ce hutun Nuwamba na Nuwamba ne, in ban zo ba kuma za a rubuta min maki. Maki a wajenmu shi ne ake tara maka ɗaya bayan ɗaya, daga gargaɗi sai gargaɗin ƙarshe sai takardar sallama.

Na tafi aikin, ranka ya daɗe. Na ƙwanƙwasa wa wata maƙwabciyata 'yar Somaliya ƙofa da asuba, na miƙa mata yarinya a naɗe cikin bargo da kwalbar magani da katin inshora, na ja jakata na fita ina jin tarin a bayana har bakin lif. Da a gida ne kakarta ce za ta goya ta, ko goggo, ko wata inna a cikin gida, nan kuwa daga ni sai ubanta. Ranar na yi wa mutum sama da ɗari murmushi, na raba musu ruwa da kofi, da daddare a ɗakin otal a wani gari can gabas na kira ta bidiyo tana miƙo hannu wai in ɗauke ta. Wallahi har yau in na tuna sai na ji ƙirjina ya yi nauyi.

Ba sai na koya maka dokar ba, ka fi ni saninta. Jihar nan tana da dokar kula da iyali tun 1988, aka faɗaɗa ta a 2002, kuma abun da ta ce a taƙaice shi ne in ma'aikaci yana da hutun da ake biyansa, ko na rashin lafiya ko wani daban, to yana da damar zaɓar wanda yake so ya yi jinyar ɗansa da shi, ko matarsa, ko iyayensa. Duk wanda ya karanta wannan zai ɗauka irin darena na Maris aka yi ta dominsa. Ni ma haka na ɗauka.

Kuma ba a kaina aka fara ba. A watan Mayun 2011 wata ma'aikaciyar kamfanin Alaska Airlines ɗanta ya kwanta da ciwon ƙirji, ba ta da isasshen hutun rashin lafiya, ta nemi kwana 2 kacal daga hutunta na Disamba, kamfani ya ce a'a. Ta kai ƙara ma'aikatar ƙwadago ta jiha, ma'aikatar ta ce ita ke da gaskiya ta ci kamfanin tarar dala 200. Dala 200 fa. A kan wannan aka yi shekara 12 ana shari'a. Da farko kamfanin ya ruga kotun tarayya ya ce jiha ma ba ta da hurumin sa baki, tunda mu ma'aikatan jiragen sama a ƙarƙashin dokar ma'aikatan jirgin ƙasa ta 1926 muke, wadda aka shigo da mu cikinta a 1936, ita kuma ta ce duk saɓanin da ya shafi fassarar yarjejeniyar ƙungiya da kamfani gaban kwamitin sasanci ake kai shi. A 2018 kotun ɗaukaka ƙara ta shiyya ta 9 ta zauna da alƙalai 11, shida suka rinjayi biyar, suka ce haƙƙin da dokar jiha ta bayar haƙƙi ne mai zaman kansa, kasancewarka ɗan ƙungiya ba ya raba ka da shi. A 2019 Kotun Ƙolin Amurka ta ƙi sauraron ƙarar kamfanin. Mun yi murna a lokacin, a kicin ɗin bayan jirgi labarin kenan, mun ɗauka magana ta ƙare.

Sai a 2023 kotun ƙolin jiharmu, ta nan Olimfiya babban birnin jiha, ta duba kalmomin dokar ita kanta ta ba kamfani gaskiya. Dalili, akwai jimla a ciki da ta ce dole ma'aikaci ya bi sharuɗɗan yarjejeniyar da ke kan wannan hutun, mu kuma yarjejeniyarmu ta ce tun kakar bara ake zaɓen kwanakin hutun bana, bisa daɗewa a aiki, in an ba ka Disamba to kafin Disamba ba ka da iko da su. Kenan an tabbatar mana dokar jiha ta shafe mu, sannan aka buɗe dokar aka ce babu abun da za ta yi mana. Yaron da aka fara shari'ar saboda shi ya girma kafin a gama.

Abun da ya sa kai na rubuto wa, ba wani ba, daga 2013 har zuwa Janairun 2025 kai ne babban lauyan gwamnatin jihar nan. Lauyoyin ofishinka ne suka tsaya wa ma'aikatar ƙwadago a gaban alƙalai, su suka kafe cewa uwar nan tana da gaskiya. Ofishinka ne kuma ya kare dokar hutun rashin lafiya da jama'a suka kaɗa wa ƙuri'a a 2016 ta fara aiki a 2018, awa 1 a duk awa 40 na aiki, lokacin da ƙungiyar manyan kamfanonin jiragen sama ta maka jiha a kotu tana cewa a cire mu, kuka yi nasara a 2021, Kotun Ƙoli ta ƙi taɓa hukuncin a 2022. Ban manta wannan alherin ba, kuma na san darajarsa, domin a Masachusets wata alƙaliyar tarayya ta yanke akasin haka a 2023, ta ce dokar sakin harkar jiragen sama ta 1978 ta hana jiha sa baki, a birnin Niyok ma kamfanin Delta ya yi nasara a irin wannan a 2021. 'Yar uwata a aiki da tasharta ke Boston, can Masachusets, yau ba ta da abun da nake da shi, aiki ɗaya, jirgi iri ɗaya.

To amma ranka ya daɗe, in abun da ofishinka ya faɗa a kotu shekara da shekaru har zuciya ne, yanzu me ya rage? Da kana lauya, alƙalai suka ce kalmomin doka ba su kai inda kake so ba. Yau kai ne gwamna, jam'iyyarka ke da rinjaye a majalisun nan biyu, kuma gwamna yana da ikon aika ƙudurin doka da sunansa. Kotu ba ta ce haramun ne a kare mu ba, abun da aka rubuta ta karanta, rubutu kuma majalisa ce ke gyara shi. Jimla ɗaya muke roƙo, a rubuta ɓaro-ɓaro cewa hutun da ma'aikaci ya riga ya yi wa aiki zai iya janyo shi don jinyar iyalinsa ko da an sa masa rana a wani watan, kuma ba za a rubuta masa maki ba. Tun hukuncin 2023 mu da ke ƙasa ba mu ga wani canji ba, amsar da aka ba waccan uwar a 2011 ita aka ba ni a Maris.

Na san abun da kamfanoni za su zo su gaya maka, za su ce jirgi ba ofis ba ne, dokar tarayya ta ce kusan duk kujera 50 sai da ma'aikaci ɗaya, in mutum ɗaya bai zo ba jirgi ba ya tashi, fasinja su kwana a filin jirgi. Wannan gaskiya ne, ba na musu, na sha ganinsa. Amma ai don haka ake ajiye masu jiran kira, ni kaina na yi shekaru ina wannan zaman, waya a hannu ko wanka zan shiga, a kira ka cikin dare ka tashi ka maye gurbin wani. Kuma uwar da ɗanta ke kwance a asibiti ba za ta zo ba ko da dokar ko ba dokar, tambayar kawai daga wace jaka za a biya ta, kuma za a hukunta ta ko ba za a hukunta ta ba. In na ci kwana 3 a Maris, ai a Nuwamba kamfani ya samu kwana 3 na aikina, lokacin da ya fi buƙatar mutane saboda tafiye-tafiyen ƙarshen shekara. Ban karɓi ranar kowa ba, ban tsallake wadda ta riga ni shiga aiki ba.

Wasu kuma cewa suke ai kuna da ƙungiya, ku je ku nema a teburin tattaunawa. Wanda ke faɗin haka bai san yadda teburin yake ba. A ƙarƙashin waccan dokar ta 1926 yarjejeniyarmu ba ta mutuwa, lokacin gyaranta ne kawai ke zuwa, kuma ba mu da ikon shiga yajin aiki sai hukumar sasanci ta tarayya ta sake mu, abun da ba kasafai take yi ba. Ma'aikatan American Airlines tun ƙarshen 2019 tasu ta isa gyara, sai Satumban 2024 suka samu sabuwa. Shekara kusan 5. Zazzaɓin yaro ba ya jiran wannan. Sannan me ya sa shiga ƙungiya zai zama dalilin da zan rasa abun da doka ta yi niyyar ba kowa? Doka ita ce ƙasan da kowa ke takawa, ƙungiya a kanta take ɗora gini, in aka bar ta haka kamar ana gaya wa matasan da ke shigowa aikin nan cewa katin ƙungiya asara ne.

Kada kuma a nuna mana dokar tarayya ta 1993 ta hutun jinya da kula da iyali a ce ga mafita. Ba a biyan ko sisi a cikinta, mu ma sai a 2009 aka gyara ta ta shafe mu sosai, aka sa mana awa 504 na aiki a shekara kafin mu cancanta, maimakon 1,250, saboda yadda ake ƙirga awanninmu, kuma ciwo mai tsanani take magana, da takardun likita, zazzaɓin kwana biyu ba ya shiga. Shirin jiha na hutun iyali mai biya da ya fara a 2020 yana da kyau ga haihuwa da doguwar jinya, amma a jinya akwai satin jira, ba na ƙarfe 3 na dare ba ne.

Akwai sauran abubuwa, ba zan tsawaita ba. Yawancinmu ba mu san iyakar haƙƙinmu ba a dokar 2018 ɗin, ba kowa ya san ba a yarda a rubuta maka maki a kan awannin da doka ta ba ka ba, ko a nemi takardar likita in ba ka wuce kwana 3 ba, ya kamata ma'aikatar ƙwadago ta fitar da bayani na musamman don masu aikin jirgi, cikin harshe mai sauƙi. Ga masu shayarwa, dokar tarayya ta 2022 da ta ba mata lokacin tatsar nono a wurin aiki ta tsallake mu da ke cikin jirgi, wannan ma wani ciwon ne, amma na wata rana.

Don Allah, don darajar iyayenka, ka kira shugabannin ƙungiyoyinmu ka zauna da su, ka kira kamfanonin ma, kowa ya faɗi nasa, amma ka shigar da gyaran nan a zaman majalisa na Janairu. Lauyoyin da suka yi shari'ar nan sun san jimlar da ta kayar da su, ba sai an yi bincike ba.

Nan da 'yan makonni za a buɗe mana zaɓen hutun baɗi, zan zauna da waya in zaɓi kwanaki, in daɗewata ta kai in samu lokacin hutun makaranta, in ba ta kai ba a ba ni abun da ya rage, kuma duk inda aka ajiye su ba zan iya taɓa su ba ranar da yarinyar nan ta sake farkawa da zazzaɓi. Ina jiran in ga sunanka a kan ƙudurin.

Wata ma'aikaciyar jirgi, uwar yara biyu,
daga kudancin Siyatul.