Roƙon Tallafi Domin Sake Rufin Makarantar Islamiyyarmu Kafin Saukar Ruwan Farko

Assalamu alaikum wa rahmatullahi wa barakatuhu.

Ya ku iyayenmu da malamanmu, Alhazai da Hajiyoyi, da dukkan 'yan uwa mazauna Sabo ta Ibadan da waɗanda suka taɓa zama a cikinta, kwamitin makarantar Islamiyyar unguwarmu yana gaishe ku, yana kuma kawo muku kukansa a kan rufin ajujuwa uku da na ɗakin ajiye littattafai, wanda ya kai inda faci ba zai ƙara riƙe shi ba.

Wanda ya taso a Kano ko Katsina ya saba ganin damina ta kankama a wajen watan Yuni, don haka yana da bazara sukutum ta yin shiri. A nan ba haka lamarin yake ba, domin hunturunmu gajere ne, ƙurarsa na kwantawa cikin Fabrairu sai a fara ganin hadari a watan Maris, kuma daga nan ruwa ne har Oktoba, in banda ɗan sararin da ake samu a Agusta. Dattawanmu ba su manta da ambaliyar kogin Ogunpa ta 1980 ba, matasa kuma sun ga ta Agustan 2011 da idonsu. Ba muna yi wa kowa fatan irinsu ba ne, Allah Ya kiyaye, amma sun isa su tuna mana cewa garin nan ba a wasa da ruwansa. Abin da ya fi tayar mana da hankali shi ne ruwan farko, saboda shi ne mai zuwa da iska, kuma iskar ce ke yaye kwano tun kafin ɗigo ɗaya ya taɓa ƙasa. Makonnin da suka rage tsakanin ƙarshen hunturu da wannan iska su ne kaɗai lokacin da za a iya kware rufi a bar ɗaki a buɗe kwana biyu ko uku ba tare da fargaba ba.

Mun sa kafintoci biyu sun hau sun duba, kowanne a ranarsa, kuma bakinsu ya zo ɗaya. Kwano yana buɗewa da zafin rana, ya tsuke da sanyin dare, kuma shekara da shekaru na wannan motsi sun faɗaɗa ramukan ƙusoshi har wasu ana zare su da yatsa. Ƙurar hunturu da busasshen ganye sun cika indararo sun kuma maƙale a inda kwano ya hau kan kwano, sai su riƙe laima, laimar ta haifi tsatsa, tsatsar ta ci ƙarfen daga ƙasa inda ido ba ya gani. Da aka ɗaga silin na ajin ƙananan yara, an tarar gara ta cinye katako huɗu daga ciki, ta bar bayansu sumul kamar lafiyayyu. Sun kuma nuna mana abin da yawancinmu ba mu sani ba, wato tabon da ake gani a silin sau da yawa ba a ƙarƙashin ɓular yake ba, domin ruwa yakan bi jikin katako ya yi tafiya kafin ya ɗiga. Wannan ne ya sa muka yi ta shafa kwalta a wurin da ba nan ciwon yake ba, kuma laifin namu ne na kwamiti, da muka riƙa zaɓar gyara mai arha damina uku a jere.

Sakamakon haka iyaye sun gan shi bara. An jera bokitai a tsakiyar aji, tabarmi sun yi wari, Alƙur'anai da littattafan fiƙihu sun jiƙe sun kumbura, kuma sau da dama malamai sun tashi yara da ganin hadari ya haɗo, don tsoron ruwan da ke bin bango kusa da wayar wuta.

An yi doguwar muhawara a kwamiti a kan irin kwanon da za a saya. Wasu sun so dogon kwanon alminiyom, wanda ba ya tsatsa kuma ba shi da yawan mahaɗa, amma kuɗinsa ya fi ƙarfinmu. Wasu sun kawo shawarar siririn kwanon da ya cika kasuwa, sai kafintocin suka ce ba za su sa hannu a kansa ba, kuma mun ba su gaskiya, domin kwanon da yake lanƙwashewa a hannun mai ɗauka ba zai jure iskar Maris ba. An tsaya a kan kwano mai kauri na yau da kullum, da ƙusa mai hula, da busasshen katako daga kasuwar katako ta Bodija wanda za a shafe da maganin gara kafin a ɗora, sannan a ɗaure shi da bango da ƙarfe, tunda ta gefen rufi iska take samun shiga ta ɗaga shi gaba ɗaya.

Muna roƙon kowa ya ba da abin da Allah Ya hore masa. Wanda zai iya sayen bandir na kwano ya saya, waɗanda ba za su iya ba su haɗu biyar ko goma a kan bandir ɗaya. Muna miƙa kuka na musamman ga 'yan kasuwarmu na goro da na shanu, da 'yan canji, da mahauta, haka kuma ga tsofaffin ɗalibai da suka koma Arewa ko suka tafi Legas. Wanda ba shi da kuɗi amma yana da ƙarfi, akwai ɗauko kaya da kwashe tsohon kwano. Annabi, tsira da amincin Allah su tabbata a gare shi, ya ambaci sadaka mai gudana da ilimin da ake amfana da shi cikin abubuwan da ladansu ba ya yankewa bayan mutuwa, kuma rufin aji ya haɗa biyun.

Akwai kuma roƙon da ba na kuɗi ba ga maƙwabtanmu masu gidaje. Kwanon da iska ta ɓalle daga gidan wani ba ya tsayawa a gidan mai shi, kuma yaranmu a layin nan suke bi safe da yamma. Don Allah kowa ya sa a duba masa rufinsa cikin waɗannan kwanaki, a share indararo, a sake ƙusoshin da suka saki, a sare reshen da ya rataya a kan ɗaki, a daina dogaro da duwatsu da tsofaffin tayoyi wajen danne kwano. Kada a tura yara sama, kuma wanda zai hau ya jira raɓa ta bushe, ya taka a kan layin ƙusa inda akwai katako a ƙasa.

Ma'ajin kwamiti zai riƙa zama a ofishin makaranta kullum bayan La'asar, da kuma ƙofar masallaci bayan sallar Juma'a, kuma duk wanda ya ba da wani abu za a rubuta masa rasit, ko da ya nemi a sakaya sunansa. Lissafin kafintoci yana manne a allon sanarwa, kuma kowace Juma'a za a karanta abin da ya shigo da abin da aka kashe. Da zarar kuɗin katako ya cika za a fara da ajin ƙananan yara, su kuma za su koma karatu a barandar masallaci har a gama.

Allah Ya saka da alheri, Ya sa albarka a dukiya da zuri'a.

Wassalam,
Kwamitin Makaranta