Likitan da kuka gayyato ya ɗora wa matattu laifi

Malam Edita,

Assalamu alaikum. Bayan gaisuwa da fatan alheri gare ka da abokan aikinka, na rubuto ne a kan shirin lafiya na ranar Lahadi, kuma da ɓacin rai nake rubutun nan. Likitan da kuka kawo ya ce matan baƙar fata na Amurka su suke jawo wa kansu mutuwa wajen haihuwa, wai ƙiba ce da talauci da ƙin zuwa awo. Mai gabatarwa ta ce masa "haka ne, likita", ta wuce tambaya ta gaba. Da wani bawan Allah ya bugo waya ya ambaci wariyar launin fata, sai likitan ya yi 'yar dariya ya ce tsohon zance ne. Dariyar nan ce ta sa na ɗauki alƙalami.

Ni nas ce, a sashen masu jego nake aiki a nan Amurka, kuma a nan na haifi 'ya'yana. A haihuwata ta ƙarshe ban fashi awo ba, ina da inshora mai kyau, ba ni da ƙiba, Turanci kuma ina jin sa daidai gwargwado, har na asibiti. Bayan an ciro yaron kaina ya ɗauki ciwo kamar ana sara shi, ƙafafuna suka kumbura, idona yana ganin walƙiya. Na san abin da wannan yake nufi, don aikina ke nan. Na gaya wa nas ɗin da ke kaina cewa a sake auna jinina, ina tsoron jijjiga. Ta shafa kafaɗata ta ce gajiya ce, in yi barci. Na sake faɗa wa wata, ta kawo mini maganin ciwon kai. Likita ya leƙo, bai ko zauna ba, ya ce gobe za a sallame ni. A ɗakin da ke kusa da nawa akwai wata Baturiya da ta ce cikinta yana murɗawa, ina ji ana ta shiga ana fita a kanta. Ban yi mata baƙin ciki ba, haƙƙinta ne, amma ni ma ai nawa ne. Sai da maigidana ya tsaya a bakin teburinsu ya ce ba zai motsa ba sai an auna ni a gabansa. Da aka auna, nan take fuskokinsu suka canja, aka hau guje-guje, aka ɗaura mini ruwan magnesiyam, maganin hana jijjiga. Daga baya na karanta fayil ɗina, na ga an rubuta cewa ni mai yawan damuwa ce. To likitanku ya gaya mini, a wane layi nasa zai saka ni, na talauci ko na ƙin awo?

Kada a ce labarin mutum ɗaya ne. Serena Williams, baƙar fatar nan zakarar wasan tanis, ba matalauciya ba ce, kuma ban san macen da ta fi ta ƙoshin jiki ba. A 2017, washegarin da aka yi mata aiki aka ciro 'yarta, numfashinta ya fara sarƙewa. Ta taɓa fama da gudajin jini a huhu, don haka ta ce a ɗauki hoton ƙirjinta a sa mata maganin tsinka jini. Nas ta ɗauka maganin kashe zafi ne ya ruɗa ta. Da aka ɗauki hoton, ga gudajin nan a huhunta. Ita ta rayu. Dakta Shalon Irving ba ta rayu ba. Masaniya ce a hukumar yaƙi da cututtuka ta Amurka, CDC, kuma bincikenta ma a kan bambancin da ake samu ne wajen lafiyar jama'a. Ta yi ta komawa asibiti bayan haihuwa da kumburi da hawan jini, ana mayar da ita gida. Ta rasu a Janairun 2017, mako uku da haihuwa, tana da shekara 36.

Ƙididdigar CDC ɗin nan ta 2021 ta nuna a cikin kowace haihuwa 100,000, matan baƙar fata 69.9 ne suka mutu, fararen fata 26.6. A 2023 na fararen ya sauko 14.5, namu yana 50.3. Ita dai hukumar ta taɓa nuna cewa baƙar mace mai digiri ta fi Baturiyar da ba ta gama sakandare ba haɗarin mutuwa a dalilin ciki. Da talauci ne kaɗai, ai da digiri da albashi sun rufe giɓin. Ban ce ƙiba da hawan jini ba sa kisa ba, kullum ina yi wa mata wa'azi a kansu. Amma mai hawan jinin da aka saurara da wadda aka ce ta je ta kwanta, ba makoma ɗaya suke yi ba.

Shi kuma "tsohon zance", bari in tuna wa likitan abin da ya kamata ya fi ni sani. Yoyon fitsari ba baƙon ciwo ba ne a wurinmu, duk wanda ya san asibitin Babbar Ruga a Katsina ya san shi. To aikin gyaran nan a jikin wa aka koye shi? James Marion Sims, wanda suke kira uban likitancin mata, a garin Montgomery na jihar Alabama ya yi gwaje-gwajensa tsakanin 1845 da 1849, a jikin bayi mata. Sunaye uku kawai suka iso mana: Anarcha da Lucy da Betsey. Anarcha an yanka ta kusan sau 30, ba a gusar mata da hankali ba, danne ta ake yi. Ba wanda ya nemi yardarta, ta ubangidanta aka nema. Har yau akwai ƙarfen duba mace da ke ɗauke da sunan Sims, mutum-mutuminsa kuwa sai a 2018 aka ɗauke shi daga Central Park a birnin New York. A wannan Montgomery ɗin dai, a 1973, aka ɗaure wa wasu 'yan'uwa biyu baƙar fata mahaifa, Minnie Lee da Mary Alice Relf, ɗaya shekara 14 ɗaya 12. Uwarsu ba ta iya karatu ba, ta sa alamar X a takarda tana zaton izinin allurar tazarar haihuwa ce. Fannie Lou Hamer, wata baƙar fata mai fafutukar 'yancin baƙaƙe, ta shiga asibiti a Mississippi a 1961 don a cire mata ƙari, ta fito ba mahaifa, ba a tambaye ta ba. Wasu daga cikin tsofaffin da ke rako jikokinsu sashenmu sun yi wayo a wancan zamanin. Idan jikar irin wannan tsohuwa ta yi ɗari-ɗari da asibiti, sai a kira shi jahilci?

Kuma tunanin da ya sa aka danne Anarcha bai mutu ba. A 2016 masu bincike a Jami'ar Virginia sun tambayi ɗaliban likitanci da sababbin likitoci fararen fata, kusan rabinsu suka yarda da aƙalla ƙarya ɗaya game da jikin baƙar fata, irin su wai fatarmu ta fi kauri. Waɗanda suka yarda da haka sun fi raina zafin ciwon majinyaci baƙi. Waɗannan yaran su ne likitocin yau.

Abin da ya sa nake jin haushin shirin fiye da kima shi ne, matanmu suna sauraron ku. Akwai masu zuwa nan su haihu su koma, akwai waɗanda aure ya kawo. Mu kuma an rene mu da cewa kukan naƙuda abin kunya ne, mace ta cije, ta yi dauriya. Ka haɗa mace mai ɓoye ciwo da ma'aikacin da ya riga ya ɗauka ba ta jin ciwo, ka ga abin da zai faru. Nas ba ta tambayar ki ko daga Zinder kike ko daga Atlanta, fatarki take gani. Abin da ya kamata likitanku ya ce wa matanmu shi ne su buɗe baki, su tafi da wanda zai tsaya musu, in an ƙi yi musu gwaji su ce a rubuta a fayil cewa an ƙi, kuma ciwon kai mai tsanani ko sarƙewar numfashi bayan haihuwa ba abin jiran safiya ba ne. Maimakon haka ya ce ai a Najeriya abin ya fi muni. Ya fi muni mana, wa ya musa? Ƙanwar babata ma wajen haihuwa ta rasu. Amma can jini ake nema a rasa, mota ake nema a rasa. Nan komai yana cikin kabad a bayan nas, kunnen saurare ne babu.

Ina roƙon ku sake shirin, ku kawo mace, ungozoma ko nas da ta yi aiki a nan, ku kuma bar masu bugo waya su gama maganarsu.

Tunda na riga na rubuto, me ya sa kuka cire rahoton farashin kayan abinci na kasuwanni da kuke kawowa ranar Juma'a? Da shi muke sanin nawa buhun masara da na shinkafa suka kai a Dawanau kafin mu aika kuɗi gida. Yanzu sai abin da ƙannenmu suka faɗa mana a waya, kuma ka san hali. Kun maye gurbinsa da hirar ƙwallon Ingila, wadda tashoshi goma suke yi a lokaci ɗaya. Don Allah a dawo mana da shi.

Wassalam.

Taku mai sauraro,
wata nas daga jihar Maryland, Amurka