Zuwa ga mutumina a Manchesta

Assalamu alaikum mutumina,

Bayan dubun gaisuwa, da fatan kana lafiya kai da uwargida da yara. Mu nan Kano sai godiya, hazo ya fara sauka, kowa na fama da mura da tsagewar leɓe.

Saƙon muryarka ya shigo wajen ƙarfe huɗu na asuba, wato uku a wajenku. Shi ya sa na ce wannan ba maganar da za a amsa da "Allah Ya yaye" a wuce ba ce, bari in zauna in rubuto maka. Ka ce barci ya ƙaurace maka, ƙirjinka na bugawa da ka ga saƙon malamin da ke duba aikinka, kuma kai da uwargida magana kaɗan sai ta zama faɗa. Sannan can ƙarshe, kamar mai jin kunya, ka tambaye ni ko ya dace ka gwada masu ba da shawarar nan kan damuwa ta intanet. Amsata ita ce ka gwada, kuma kada ka bari a kai baɗi.

Na san abin da ke riƙe ka. A wajenmu da an ce likitan ƙwaƙwalwa sai tunani ya tafi asibitin masu taɓin hankali na Dawanau, sai a fara raɗa. Wasu kuma su ce raunin imani ne. Amma ka tuna shekarar da Nana Khadija da Abu Ɗalib suka rasu, shekarar baƙin ciki ake kiranta a tarihi, kuma Manzon Allah (SAW) ya yawaita neman tsari daga damuwa da baƙin ciki. Ka riƙe azkar ɗinka, ka kuma nemi wanda ya karanci abin, babu wanda ya hana wani. Sannan ka dubi halin da kake ciki da idon basira: karatu da rana, aikin sito da dare, kuɗin haya, masu jiran aike daga gida, ga magariba na yi tun kafin ƙarfe huɗu a watan Disamba. Ita kuma baiwar Allah tana kulle a ɗaki da yara, babu maƙwabciyar da za ta leƙo ta ce ina kwana. A gida da kun samu saɓani akwai gwaggo, akwai liman, akwai majalisa bayan isha'i inda mutum zai zauna a yi raha har ya huce. Can duk babu, ku biyu ne kawai da bango.

Ni ma na yi irin wannan zaman bayan rasuwar Baba, ban dai faɗa maka ba a lokacin. Gidanmu ka san shi, ba inda za ka yi waya ba a ji ka ba, don haka a mota nake yi. In faka a gindin darbejiyar bayan layinmu, in ɗaga gilasai, in sa abin kunne. Wani lokacin sabis ya ɗauke ana tsakiyar magana, sai mu koma kiran murya. Abin da ya ba ni mamaki, matar da ke ba ni shawarar ba ta cika yin nasiha ba, tambaya ce ta fi yawa. Ta sa na sayi ƙaramin littafi, duk sanda gabana ya faɗi in rubuta abin da ya faru, da tunanin da ya zo mini, da hujjar da ke nuna tunanin gaskiya ne ko a'a. Ranar da na karanta mata "tabbas za a kore ni daga aiki", ta ce to wa ya faɗa, sai na rasa amsa. Wannan salon, na gyara tunani da ɗabi'a, wani likita ɗan Amurka Aaron Beck ne ya assasa shi a shekarun 1960, kuma shi aka fi amfani da shi ga masu fargaba. Ba dabo ba ne, akwai aikin gida kamar na makaranta, wanda bai yi ba kuwa ya yi asarar datarsa.

Kai ma ka fi ni sa'a. A Ingila hukumar lafiyarsu ta NHS tana da shiri mai suna Talking Therapies, kyauta ne, kuma ba sai likita ya tura ka ba, da kanka za ka cike fom a shafinsu matuƙar ka yi rajista da likitan unguwa. Ai ka riga ka biya kuɗin lafiya tun wajen neman biza, ka ci haƙƙinka. Za su kira ka su yi maka tambayoyi kan makonni biyun da suka wuce, barci, cin abinci, fargaba. Ka faɗi gaskiya, ka ajiye "lafiya lau" ɗinmu ta gado. Akan jira layi, shi ya sa nake cewa ka cike yau.

Idan kuma ka zaɓi na kuɗi, a nan ne zan ja kunnenka. A ƙasar nan da kake, doka ba ta hana kowa kiran kansa mai ba da shawara ba, don haka ka duba ko sunansa na cikin rajistar ƙungiyar ƙwararrun masu ba da shawara irin BACP. Masu wa'azin zaman aure a TikTok da Instagram, masu cewa a turo matsala ta inbok, ka yi nesa da su. Gobe sai ka ga sirrin gidanka a shafi ana tafka muhawara a kai. Manyan manhajojin ma ba a sakar musu jiki. A 2023 hukumar kare masu sayayya ta Amurka ta sa kamfanin BetterHelp, mai manhajar ba da shawara ta intanet, ya biya dala miliyan 7.8 saboda ya miƙa bayanan masu neman taimako ga irin su Facebook don talla. Ka karanta sharuɗɗan kafin ka danna amincewa. Kana da damar neman namiji ko Musulmi, ko wanda ya san zaman mutanen Afirka, don kada ka ɓata zaman farko kana bayanin dalilin da ya sa kake aika wa ɗan kawunka kuɗin makaranta. In jininku bai haɗu ba, ka canza.

Batun uwargida kuwa, kada ka yi a ɓoye. Ranar da ta ga kana rufe ƙofa kana ƙus-ƙus da wata a bidiyo, ka san sauran. Ka faɗa mata tun farko, ka fara da naka, in ta ga sauyi ita da kanta za ta nemi ku zauna tare. Kada kuma ka shiga da niyyar neman alƙalin da zai ba ka gaskiya, ba aikinsu ke nan ba.

Abu ɗaya ne ba na so ka jira layi a kansa. In har ka fara jin gara ma babu kai, ko ka kwana biyu ba ka iya ci ko tashi, ka kira layin NHS na 111, in abin ya yi tsanani layin gaggawa na 999. Akwai kuma Samaritans, ƙungiyar masu sauraron wanda ke cikin damuwa, a 116 123, dare da rana, kyauta. Bugun ƙirjin nan ma ka je likita ya auna jininka, don mai ba da shawara ba ya rubuta magani kuma ba ya gano hawan jini ta waya.

Na je na gaida Hajiya ranar Juma'a, tana nan lafiya, ban ce mata komai ba kuma ba zan ce ba. Kilishin da yajin suna hannuna, ina jiran mai tafiya. Ranar Lahadi bayan la'asar ɗinku zan kira ka, kuma tambayata ta farko ita ce ko ka cike fom ɗin. Ka gaida uwargida, ka shafa mini kan yara.

Wassalam,
Naka, abokinka na Fagge